Tulun Tangaran Mai Ruwan Zinare: Darajarsa Tana Gindinsa

Duk wanda ya taɓa kallon yadda dillalan kayan tarihi suke duba tulun tangaran, ko da a talabijin ne, zai lura da abu guda. Kafin su tsaya yaba ruwan zinaren da ke wuyan tulun, ko furannin da aka zana a jikinsa, sai sun kife shi sun dubi gindinsa. A can ƙasa, inda idon baƙo ba ya kaiwa, akwai waɗansu 'yan alamomi da ba su fi ƙwayar gero girma ba. Su ne ke yanke hukunci, ko tulun na kuɗin cefane ne, ko kuwa na kuɗin sayen gida. Alamomin suna faɗin masana'antar da ta yi shi, da shekarar da aka yi shi, da wanda ya zana shi, har da wanda ya shafa masa zinaren.

Ina so in bi wa mai karatu tarihin waɗannan tuluna na ado na ƙasar Faransa da mutanen da suka yi su, domin akwai magana a ciki da ta shafi jeren iyayenmu mata, ta kuma shafi maginan tukwanen da muke wucewa kullum a kasuwa ba tare da mun tambayi sunansu ba.

Sirrin da ya gagari Turawa

Tangaran na ainihi ɗan ƙasar Sin ne. Sinawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin sa kafin wani Bature ya gane yadda ake yi. Abu biyu ake haɗawa: wata farar ƙasa mai laushi da ake kira kawolin, wadda ta samo sunanta daga tsaunin Gaoling da ke kusa da birnin Jingdezhen, da wani dutse da ake niƙawa, wanda yake narkewa a wuta ya zama kamar gilashi. Idan aka gasa haɗin a zafin da ya kai digiri 1,300 ko fiye, sai ya fito fari fat, ruwa ba ya ratsa shi, haske yana ratsa shi, in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

Sarakunan Turai sun haukace a kan wannan kaya. A shekarar 1717 Sarki Augustus na Saxony, a ƙasar Jamus ta yau, ya ba Sarkin Prussia sojan doki 600, ya karɓi tangaran ɗin Sin guda 151 a madadinsu. Wannan sarkin ne kuma ya tsare wani saurayi mai suna Johann Friedrich Böttger, wanda ya yi da'awar zai iya mayar da ƙarfe zinare. Zinare bai samu ba, amma shi da wani masani mai suna Tschirnhaus sun gano haɗin tangaran, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Faransawa kuwa sun samu bayanin aikin daga wani limamin Kirista, d'Entrecolles, wanda ya zauna a Sin ya aiko da wasiƙu biyu, a 1712 da 1722, yana zayyana abin da ya gani a Jingdezhen. Sai dai sanin haɗi daban, samun kayan haɗi daban. Ba su san inda kawolin yake a ƙasarsu ba.

Don haka sai suka yi dabara. Suka riƙa haɗa garin gilashi da alli da wani yumɓu, suna fitar da abin da ya yi kama da tangaran amma bai kai shi ƙarfi ba. Aikin yana da asara, domin kaya da yawa suna lanƙwashewa ko su tsage a tanderu. Amma launi yana shiga jikinsa ya zauna fiye da yadda yake yi a tangaran mai ƙarfi. Da wannan haɗin aka fara aiki a Vincennes a 1740.

Masana'antar sarki

A 1756 aka mayar da masana'antar garin Sèvres, tsakanin Faris da fadar Versailles, da goyon bayan Madame de Pompadour, matar da ta fi kowa faɗa a ji a fadar Sarki Luwis na 15. A 1759 sarkin ya mallake ta gaba ɗaya. Daga nan ya zama kamar babban dillalinta, domin a ƙarshen kowace shekara akan baje sababbin kaya a ɗakunansa na fada, fadawa da attajirai su zo su saya. Wanda yake neman fuskar sarki ya san abin da ya kamata ya yi da aljihunsa.

Zinaren shi ne alamar sarauta a jikin kayan. A 1748 masana'antar ta sayi sirrin shafa shi daga wani malamin coci mai suna Hippolyte Le Faure. Ana niƙa zinare ya zama gari, a shafa shi a kan tulun da aka riga aka gasa, a mayar da shi wuta marar zafi sosai. Idan ya fito ba ya ƙyalli, sai an goge shi da dutse mai santsi, sannan a bi shi da tsinke ana zana ƙananan ganyaye da layuka a cikin zinaren kansa. Saboda kishin wannan aiki, dokar da aka yi a 1766 ta yarda sauran masana'antu su yi tangaran, amma ta hana su sa masa zinare. Manyan tuluna kuma akan yi musu hannaye da gindi na tagulla, a shafe tagullar da zinaren da aka kwaɓa da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi. Hayaƙin nan ya nakasa ma'aikata da dama, ya sa musu karkarwa, ya gajarta kwanakinsu. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, mun san cewa ƙyallin zinare yakan ɓoye kukan talaka.

A 1768 aka gano kawolin a Saint-Yrieix, kusa da Limoges. Ana ba da labari cewa matar wani likitan garin ce take wanki da farar ƙasar, har maganar ta kai kunnen masana. Daga nan Faransa ta fara tangaran mai ƙarfi, Limoges ta zama garin tangaran har yau. Suna ya kai ko'ina: Sarauniya Katarina ta Rasha ta sa aka yi mata kayan cin abinci sama da guda 700 a Sèvres, aka kammala a 1779. Juyin juya halin 1789 ya ci sarauta, amma bai ci masana'antar ba. Ta koma hannun gwamnati, kuma daga 1800 zuwa 1847 wani masanin duwatsu, Alexandre Brongniart, ya shugabance ta, ya kafa mata gidan tarihi a 1824. Tana aiki har gobe.

Abin da ke rubuce a gindi

Yanzu mu koma ga alamomin nan. Tambarin masana'antar a zamanin sarauta shi ne harafin L guda biyu a sarƙe, wato harafin farko na sunan sarki. Tun wajejen 1753 aka fara sa wani harafi a tsakiyarsu mai nuna shekara: A shekarar farko, B ta biyu, haka har aka ƙure haruffa aka koma ninka su. A gefe kuma mai zane yana sa alamarsa, mai zinare yana sa tasa. Ƙaramin harafin k na Charles-Nicolas Dodin ne, wanda ya shiga aikin a 1754 ya yi kusan shekara 50 yana zane. LG na Le Guay ne, gwanin zinare. Siffar tulun kanta an san mai ita. Jean-Claude Duplessis, maƙerin zinare ɗan asalin Turin, shi ya ƙago tulun turaren nan mai siffar jirgin ruwa, wanda kimanin 10 kacal suka rage a duniya, kowanne an san gidan da yake.

Mai karatu ya lura, waɗannan mutane ba sarakuna ba ne. Ma'aikata ne masu jiran albashi, kuma tun farko an sa su yin alamar ne domin a san aikin wa za a biya, a san kuma wa za a tuhuma in aiki ya ɓaci. Amma da yake masana'antar ta adana littattafanta na albashi da na ciniki da na tanderu, yau mai bincike zai iya ɗaukar tulu ɗaya ya gaya maka wanda ya zana shi da wanda ya fara sayensa. Ko jabu da wannan ake kama shi. Lokacin da Brongniart ya rasa kuɗi, ya sayar da tarin fararen kayan da ba a yi wa ado ba, 'yan kasuwa suka saya suka zane su suka buga tambarin sarki. Sai dai idan harafin shekara ya nuna lokacin da mai zanen bai fara aiki ba, ko ya riga ya rasu, asiri ya tonu.

A gefe guda akwai ƙananan masana'antun birnin Faris da suka yawaita bayan an sassauta dokar zinare. Sun yi tuluna masu kyau ƙwarai, amma da yawa daga cikinsu ba su da alama ko ɗaya. Waɗanda suka sa alama, irin su Jacob Petit mai harafin JP, ana neman kayansu da suna. Sauran kuwa an tattara su a ƙarƙashin laƙabi ɗaya, wai "tsohuwar Faris", kuma a gwanjo ba su cika kama ƙafar mai suna ba, ko da kyansu ɗaya. Ƙasa ɗaya ce, wuta ɗaya, zinare ɗaya. Suna ne ya raba su.

Jeren iyayenmu

Mu ma muna da al'adar ajiye kwano don kallo. Jeren amarya shi ne gidan tarihin mace Bahaushiya, kuma wanda ya iya karanta shi zai karanta tarihin kasuwancin ƙasar nan. Kakannin kakanninmu sun yi jere da ƙorai masu zane, da faya-fayai, da akusa, mai hali ya ƙara da tasoshin tagulla na Bida. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911, kantunan John Holt da na Faransawa irin su CFAO da SCOA suka cika da kayan ƙetare. Sai fanteka da langa da kwalla suka hau bango, da farko daga Turai, daga baya daga Hong Kong, kafin a kafa masana'antunsu a Legas da Kano. Bayansu samira ta yi zamaninta, tangaran mai bakin zinare ya shiga kabad, yau kuma kuloli ne ke tashe.

Jere ado ne, kuma asusu ne. Mace takan cire kwano ta sayar ranar da ta shiga matsi, takan kuma ajiye wani domin auren 'yarta. Ba na cikin masu yi wa wannan al'ada dariya, domin abin da Sarki Augustus ya yi da sojan dokinsa bai fi shi hankali ba. Abin da ke damuna shi ne, a kowane sauyi da aka yi, kayan da hannun ɗan ƙasa ya yi suna ja da baya, na kanti suna matsowa gaba, har aka wayi gari babu abin gida ko ɗaya a bangon amarya. Tangaran ɗin da ke cika kabad ɗinmu a yau kuwa, yawancinsa na inji ne, zinarensa ruwa ne marar kauri irin wanda aka ƙirƙiro a ƙarni na 19 domin arha, shi ya sa yake gogewa bayan 'yan wanke-wanke. Tuluna masu ƙyalli da ake jerawa a falon manya ana cewa na Faransa ne, kwaikwayon kwaikwayo ne.

A kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari har yanzu ana sayar da randa da tulu da tukunya da tanda da kaskon turare da asusu. Nakan tambayi ɗalibaina su faɗa mini sunan magini ɗaya da ya yi randar da suka sha ruwanta suna yara. Akan yi shiru. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne zai ce daga ƙauye kaza ake kawo su. Alhali matan unguwa sun san bambanci: sun san randar da ke sanyaya ruwa da wadda ke tsatsa, sun san tukunyar da ke jure wuta. Gwanintar tana nan, ana kuma gane ta, sunan mai ita ne ba a riƙe ba.

Wannan kuwa abin mamaki ne, domin mu mutane ne masu riƙe suna. Malaminmu yana iya jero maka salsalar malaman da ya ɗauki littafi daga gare su. Mai kwafar littafi da hannu yakan rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Makaɗi yana ambaton kansa da yaransa a cikin waƙa. Nan kusa da mu, kamfanin Gaskiya ya sa sunayen marubutan Hausa sun shiga kowane gida. A cikin birni kuma ga unguwar Babban Gwani, wadda take ɗauke da laƙabin Malam Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ashe mun san yadda ake yi. Sai dai mun ware masu taɓa yumɓu da masu fafe ƙwarya da masu saƙa faifai, mun ɗauki aikinsu kamar tsiro ne da ke fitowa da kansa. Ina ganin dalilin bai wuce biyu ba: sana'ar ta talakawa ce, kuma a wurare da dama ta mata ce.

Darasin Ladi Kwali

Akwai shaida a kusa da ke nuna abin da suna yake yi. Tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, a zamanin Abu Ja. A can ne wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga waɗansu tuluna a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ya tambayi mai su. Aka ce wata Bagwariya ce daga Kwali, sunanta Ladi. Sarkin ya riga Baturen gane gwanintarta, shi ya sa ya tara kayanta. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin.

Ba ta bar salon da ta gada ba. Ta ci gaba da ginin tulu da hannu, tana zana ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu kamar yadda ta koya a gida. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da aka haɗa domin ya jure babbar wuta, da ruwan gilashin da ake shafawa, da tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, alhali gashin gargajiya na itace da ciyawa ba ya kusantar haka. Sai kuma abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran tasiri. Kowane kaya da ya fito daga cibiyar ana buga masa hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, a gefensa kuma hatimin maginin. Na Ladi shi ne LK. Da wannan aka san aikinta a baje kolin Landan na 1958 da waɗanda suka biyo baya, da shi kuma ake rarrabe kayanta da na abokan aikinta irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984, hotonta yana bayan takardar naira 20.

Ladi gwana ce ta gaske, yabon gwani kuma ya zama dole. Amma gwaggon da ta koya mata aikin fa? Da sauran matan Kwali da na ƙasar Zazzau da suka yi zamani da ita? Babu mai cewa duk cikinsu ba a samu mai hannu irin nata ba. Tulunansu sun fashe, ko suna nan a wani gidan tarihi an rubuta musu sunan gari da na ƙabila kawai.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Farar ƙasar da Faransawa suka yi shekaru suna nema, tana nan jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi. A Samaru akwai sashen koyar da aikin tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello, yana yaye ɗalibai shekara da shekaru. Duk da haka kofin shayin da ke gabanmu daga Sin yake zuwa. Maganar kafa babbar masana'anta magana ce ta wutar lantarki da iskar gas da jari, ba kuma yau za a gama ta ba. Amma akwai abin da ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

Hatimi ɗan itace ne ko ɗan gasasshen yumɓu da yaro zai iya sassaƙawa. Idan sarakunan sana'a da masu unguwanni suka ja hankalin magina, kowa ya zaɓi alamarsa, da boko ko da ajami, ya danna ta a gindin randa kafin ta bushe, aka kuma rubuta alamomin a littafi guda a fadar hakimi, to an aza harsashi. Mai saye zai fara neman randar wance da suna, wance kuma za ta samu bakin ƙara kuɗi, ta ji kunyar fitar da aikin banza. Abin da ya faru ke nan a Sèvres, kuma can ma daga lissafin albashi aka fara.

Mu malaman jami'a kuma nauyi yana kanmu. Kowace shekara ɗaliban Hausa da na tarihi da na zane-zane suna rubuta kundaye a kan sana'o'in gargajiya, su bayyana yadda ake kwaɓa yumɓu daki-daki, amma sau da yawa maginin ba ya fitowa sai a jerin waɗanda aka yi hira da su. Ya kamata mu juya abin: a rubuta rayuwar maginin, da wanda ya koya masa, da wanda shi ya koya wa, da abin da ya bambanta hannunsa da na maƙwabcinsa, a ɗauki hoton kayansa. Tsofaffin da suka san wannan salsala suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, robobi kuma suna cinye kasuwar 'ya'yansu.

Ga iyalai kuwa, roƙona ɗaya ne. Idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, kada a tattara jerenta a miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. A ware ko da tasa ɗaya da ƙwarya ɗaya da tulu ɗaya, a tambayi manyan da suka rage inda aka samo su da shekarar da aka yi auren, a rubuta a takarda a ajiye tare da su. Wanda kuma Allah ya hore masa, in zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ya sa mata abu ɗaya na hannun ɗan ƙasa wanda ya san mai yin sa, ya gaya mata sunan. Jikokinta za su samu abin faɗa in an tambaye su.

Allah ya jiƙan magabatanmu masu sana'a, waɗanda muka sani da waɗanda sunansu ya ɓace mana, ya sa albarka a hannun waɗanda suka rage.

Daga Tudun Wada, Zariya.